Ɗakin Shukar da Ba Ta Son Taki

Duk mai lambu a Suleja, tun daga masu alayyafo da latas a bakin kogin Iku har zuwa masu jera furanni cikin leda a gefen titunan Abuja, da karatu guda ya tashi: shuka tana son ƙasa mai ƙarfi, tana son taki, ruwa kuwa ko na ina ne sha za ta yi. Karatun nan gaskiya ne, shi yake ciyar da gari. Sai dai akwai wasu tsirrai da yake kashewa cikin makonni kaɗan. Ka zuba musu kashin kaji su ƙone, ka ba su ruwan rijiya su yi baƙi, ka dasa su a baƙar ƙasar fadama su ruɓe. Su ne tsirrai masu cin ƙwari. Mutumin da ya iya zaɓa musu ɗaki a gari mai bazara irin ta Suleja, har suka rayu suka yi toho, idan an kira shi gwani ba a yi masa alfarma ba.

Nau'insu ya haura 600 a duniya. Ba dangi ɗaya ba ne, talauci ne ya haɗa su. Yawancinsu sun fito daga wuraren da ruwan sama ya wanke ƙasa har ta rasa naitirojin da fosforas, irin su dausayi mai tsami da farin yashi da fuskar dutse mai tsattsafo. Abin da saiwa ta kasa samu a ƙasa, sai ganye ya koma nema a jikin ƙuda da tururuwa. Wannan ya sa saiwarsu ba ta saba da gishiri ba ko kaɗan. Da an ba ta taki ko ruwa mai zartsi, gishirin ne yake zuƙe ruwan da ke cikinta, shukar ta bushe alhali tana tsaye a cikin laka.

Charles Darwin ya rubuta littafi guda a kansu a 1875, bayan ya shafe shekaru yana ɗora wa ganyen wata daga cikinsu mai suna Drosera ɗan nama da ɗan ƙwai yana kallon yadda gashinsa mai danƙo yake lanƙwasowa. Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce Dionaea, mai tarkon ƙuda, wadda yara suke gani a bidiyon waya. Ganyenta baki ne mai leɓe biyu, a cikinsa akwai wasu siraran gashi. Taɓa ɗaya ba ta rufe shi, don ɗigon ruwan sama ma yana taɓawa. Sai an sake taɓawa cikin kamar daƙiƙa 20 sannan ya datse, kuma datsewar ba ta kai rabin daƙiƙa ba. A 2016 masu bincike a Jami'ar Würzburg ta Jamus suka nuna cewa sai abin da aka kama ya motsa har sau 5 kafin ganyen ya saki ruwan narkar da abinci sosai. Shuka mai ƙirga ke nan, kuma ba ta da ƙwaƙwalwa. Allah mai iko.

Ba sai an tsallaka teku ake ganin irinsu ba, ko da yake mutanenmu da yawa ba su san da haka ba. A kududdufai da tafkunan arewacin Nijeriya akwai Utricularia, mai ƙananan furanni a saman ruwa, wadda ke da 'yan jakunkuna a ƙarƙashi masu zuƙe ƙwarin ruwa da saurin da ido ba ya iya bi. Akwai Drosera indica da Drosera madagascariensis a wurare masu dausayi. Manyan duwatsun nan masu sanƙo na Afirka ta Yamma, waɗanda Dutsen Zuma da ke bayan kuɗinmu na naira 100 yake cikin jinsinsu, suna da wurare a gangarensu inda ruwa ke tsattsafowa a damina ya jiƙa 'yar ƙasa marar kauri, kuma masana tsirrai sun daɗe da sanin cewa nan ne matattarar Utricularia da Drosera da Genlisea. Ita Genlisea tarkonta a ƙarƙashin ƙasa yake, kuma sai a 1998 aka tabbatar da cewa tana kama ƙananan halittun da sai da madubin likita ake ganinsu. Can a dazukan Saliyo da Laberiya da Kwaddibuwa kuwa akwai Triphyophyllum, kurangar da ba ta fitar da ganyen farauta sai fosforas ya yanke mata. Saboda haka ƙasar nan ba baƙuwarsu ba ce. Abin da namu na gida suke yi shi ne da yawansu su rayu a damina, su zubar da iri, su ɓace kafin hunturu. Mai gina ɗaki yana son ya riƙe shukarsa shekara cur, a nan aikin yake.

Ɗakin gilashi na renon shuke-shuke, wanda manoman zamani ke kira girinhawus, ɗan ƙasar sanyi ne. An ƙirƙire shi don ya kama zafin rana ya riƙe. Wani likita a Landan mai suna Nathaniel Ward ya lura a 1829 cewa tsiro yana rayuwa cikin rufaffiyar kwalba ba tare da an ƙara masa ruwa ba, daga nan aka ƙera akwatunan gilashi da aka riƙa safarar tsirrai da su a jiragen ruwa daga nahiya zuwa nahiya. Duk littafin da ka ɗauko daga Ingila ko Amurka zai cika maka kunne da yadda ake ɗumama ɗaki a watan Janairu. Wanda ya kwafo wannan ya kafa a Suleja ya gina wa shukarsa kabari. A watan Maris zafin yankin nan yakan kai digiri 36 ko 37 a inuwa, kuma rufaffen ɗakin gilashi ko na leda yana iya ɗara na waje da digiri 10 ko fiye. Garin yana kusan digiri 9 arewa da tsakiyar duniya, don haka sau biyu a shekara, tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, rana takan tsaya cak a tsakar ka. Abin da ake buƙata a nan ɗaki ne mai zubar da zafi amma ya riƙe laima, kuma waɗannan biyun ba sa ga maciji da juna. Ka buɗe don iska ta shiga, laima ta gudu. Ka rufe don laima ta zauna, zafi ya taru. Gwanintar duka a tsakanin waɗannan biyun take.

Shi ya sa gwani ba ya farawa da tambayar farashin ɗaki. Yakan fara da tambayar wace shuka ce za ta zauna a ciki. Ɗauki Nepenthes, mai rataya tuluna a ƙarshen ganyenta, ƙwaro ya zame a bakin tulun ya faɗa cikin ruwan da zai narkar da shi. Yawancinsu daga Borniyo da Sumatara da maƙwabtansu suke, da kaɗan a Madagaska. Masu renonsu sun raba su gida biyu, iyakar kuwa wajen mita 1,000 ce sama da teku. Na ƙasa, irin su mirabilis da gracilis da rafflesiana da ampullaria, suna son rana mai digiri 30 da 'yan kai, da dare mai ɗumi, da iska mai nauyin laima. Na kan tudu kuwa, irin rajah ta Dutsen Kinabalu wadda tulunta kan ɗauki fiye da lita 3, sai dare ya yi sanyi zuwa digiri 10 ko 15 suke samun sukuni. Suleja ba ta kai mita 500 ba. Mai sha'awar na kan tudu ya nemi fili a Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, ko Gembu a tsaunin Mambila. A nan na ƙasa ne abokan zama, tare da Drosera na ƙasashen zafi irin burmannii da indica.

Ita kuwa Dionaea da kowa ke mutuwar so, ra'ayina shi ne ɗan koyo ya haƙura da ita. A duniya kaf wani ɗan yanki ne na Karolaina ta Arewa da ta Kudu a Amurka, kewayen garin Wilmington, yake da ita a daji, kuma ta saba da barcin watanni 3 ko 4 na sanyi kowace shekara. Idan ba ta samu ba, takan rame shekara bayan shekara har ta mutu. Masu renonta a ƙasashen zafi sukan sa ta a firji na tsawon wannan lokaci. Mai wutar sola da ba ta yankewa zai iya gwadawa. Wanda firjinsa ke narkewa duk sanda aka ɗauke wuta, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Bayan shuka sai ruwa, kuma a nan ne na fi jinjina wa masu wannan sana'a, domin lissafinsu na manomi ne da ɗan kasuwa a haɗe. Akwai wani ɗan ma'auni da ake tsomawa a ruwa ya nuna yawan gishirin da ya narke a ciki. Ƙa'idar da masu renon suka fi bi ita ce kada ya wuce 50 cikin miliyan. Ruwan rijiya da na burtsatse sau da yawa sun zarce haka nesa, na leda kuma kowane kamfani da nasa, sai an auna. Tafasawa ba ta magani, ƙara tattara gishirin take yi. Abin da ya rage shi ne ruwan sama, da ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, da tataccen ruwan da ake sayarwa don batir, shi ma a tabbata ba mai asid ba ne.

To ga inda Suleja ta yi sa'a. Ruwan da ke sauka a yankin daga Afrilu zuwa Oktoba yakan haura milimita 1,200, kuma kowace milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ce. Rufi mai mita 3 da mita 4 kaɗai zai iya tara fiye da lita 14,000 a damina guda, abin da ya fi ƙarfin buƙatar ɗan ƙaramin ɗaki. Saboda haka gwani yana kallon rufin ɗakinsa a matsayin rijiyarsa. Ba zai karɓi ɗakin da ba shi da indararo ba, kuma tankin roba mai murfi, wanda haske ba ya ratsawa balle gansakuka ta fito, yana cikin kuɗin ginin tun farko. Daga Nuwamba zuwa Maris babu wani ruwan kirki da zai zo, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ruwan farko na shekara ba ya barinsa ya shiga tanki, sai rufi ya wanku. Dalilin shi ne ƙurar hunturu, wadda kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, tana ɗauke da kalshiyam da fosforas da sauran ma'adinai. Ga gonar dawa wannan kyauta ce daga sama. Ga waɗannan tsirrai taki ne da ba su roƙa ba, ga shi kuma tana toshe danƙon ganyen Drosera har ya kasa kama ko sauro.

Da shuka da ruwa suka tabbata, siffar ɗakin kusan ita ke faɗin kanta. Rufin ya yi tsayi, mita 3 ko fiye, saboda iska mai zafi sama take hawa, kuma a bar mata ƙofar fita a can ƙololuwa. Saman a sa leda mai kauri da aka yi don jure rana, irin mai maikiron 200 da manoman tumatir ke amfani da ita, don ta tare dukan ruwan Agusta ta kuma kai shi indararo. Ledar kasuwa ta yau da kullum ba ta kaiwa damina ta biyu. A bisa ledar a shimfiɗa ragar inuwa mai rage kamar rabin hasken rana, a bar tazara tsakaninsu don iska ta ratsa. Wannan 'yar tazarar ita ke bambanta aikin wanda ya sani da na wanda ya gani a hoto, domin raga idan tana ciki zafin ya riga ya shigo kafin ta tare shi. Gefuna kuwa raga ce, da labulen leda da ake naɗewa a sauke. A damina labule yana sama dare da rana. A hunturu, lokacin da laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 30 da rana alhali Nepenthes na neman 70, ana sauke na arewa da na gabas don tare ƙura da busasshiyar iska, da dare kuma a sauke duka saboda sanyin asuba.

Ginshiƙai na ƙarfe mai rufin da ba ya tsatsa sun fi katako, don gara da laima ba sa barin katako ya tsufa. A binne su da kankare. Guguwar farkon damina da ke tasowa daga gabas tana ɗaga kwanon gida ma, balle leda.

Sanyaya ɗakin a bazara kuwa ba sabon ilimi ba ne ga mutumin Suleja. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta yana tsattsafo, iska ta busar da shi ta tafi da zafi. A kan wannan ne Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Manyan gidajen shuka suna yin haka da jiƙaƙƙen bango a gefe guda da fanka a ɗaya gefen. Mai ƙaramin ƙarfi yana zuba tsakuwa a daɓen ɗakin ya riƙa jiƙa ta, ya rataya jiƙaƙƙun buhuna a gefen da iska ke shigowa, ya sa 'yar fankar sola. Da jifa ɗaya ya rage zafi ya ƙara laima. Kuma ga tattalin da ke burge ni: ruwan daɓe da na buhu ko na burtsatse ne ba laifi, tunda ba ya taɓa saiwa. Na tanki ana ajiye shi don tukwane da feshin ganye kawai. Dabarar tana aiki ne sosai lokacin da iska ta bushe, wato daidai lokacin da ake buƙatarta. A tsakiyar damina ba ta da amfani, kuma ba a nemanta.

Maganar tukunya tana da ɗan ciwo a garin da ya yi suna da yumɓu. A nan ne Michael Cardew ya zo a 1951 ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane, lokacin garin yana amsa sunan Abuja, a nan ne kuma Ladi Kwali, wadda hotonta ke kan naira 20, ta shiga a 1954 ta zama abin alfaharin ƙasa. Duk da haka tukunyar ƙasa marar sheƙi ba ta dace da waɗannan tsirrai ba, saboda tana shan gishiri tana sakinsa a hankali, ga saurin bushewa. Roba ce tasu, fara ta fi baƙa don ba ta ɗaukar zafi, ko kuma tangaran mai sheƙi ciki da waje. Abin da ake cikawa a ciki shi ne busasshiyar gansakukar dausayi da ake shigowa da ita, ko zaren ɓawon kwakwa da aka jiƙa aka wanke sau da yawa har ma'auni ya nuna gishirinsa ya fita, a gauraya da wankakken yashi mai tsakuwa. Drosera ana tsayar da tukunyarta a faranti mai ɗan ruwa. Nepenthes ba ta son zama cikin ruwa, a rataye ta a bar ruwa ya zube. Farantin kuma a riƙa barinsa ya ƙafe lokaci-lokaci, kada a je renon mai cin sauro a koma renon sauron.

Batun raga ma akwai inda hanya ta rabu da ta manomin tumatir. Tun bayan 2016, shekarar da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin, masu gidajen leda suka ƙara riƙo da raga mai ƙananan idanu wadda ko ɗan mitsitsin ƙwaro ba ya ratsawa. Irin wannan raga tana rage iska sosai, ɗaki ya ƙara zafi, sannan tana hana abinci shigowa. Mai tsirrai masu cin ƙwari yana zaɓar mai faɗin ido, wadda za ta tare kaza da tsuntsu da fara, ta bar tururuwa da ƙananan ƙudaje. Ba ya ba su naman miya, ruɓar da tarko yake yi. Ƙofa kuma da kwaɗo, saboda akuya da yara. Kowane tarkon Dionaea sau kaɗan yake rufewa a rayuwarsa kafin ya mutu, kuma babu yaron da zai ga bakin nan a buɗe ya iya riƙe yatsansa.

Bayan an gama gini, ganye ne yake ba da rahoto, gwani kuma ya iya karatunsa. Nepenthes ta yi ta fitar da ganye amma ƙarshensa ya bushe babu tulu, to laima ta gaza ko haske bai isa ba. Drosera ta wayi gari babu raɓar danƙo a gashinta, zafi ko ƙura ne. Ganye ya yi kore shar ya yi tsawo ya yi laushi, inuwa ta yi yawa, a rage raga. Ya ɗauki ja-ja, hasken ya yi daidai. Farin ɓawo ya fito a saman ƙasar tukunya, gishiri ya taru, a kwarara ruwan sama a wanke tun kafin saiwa ta ƙone. Wannan karatun ne ya sa ba ya kafa ɗaki a ƙarƙashin mangwaro, duk da daɗin inuwarsa. Yana neman inda rana za ta same shi da hantsi, katanga ko bishiya ta kare masa ta la'asar.

Saura maganar inda ake samo su. Dukkan Nepenthes da Dionaea suna cikin jerin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin halittun da ke fuskantar barazana, kuma tun 2014 satar Dionaea daga daji babban laifi ne a Karolaina ta Arewa. Shigo da shuka mai rai Nijeriya yana buƙatar izinin hukumar killace kayan gona ta NAQS. A saya daga masu reno da ke haifar da su a gidajen shuka, da takardunsu. Namu na kan dutse da bakin tafki kuwa a bar su inda suke. Da yawansu masu damina ɗaya ne, wanda ya tumɓuke su ya kai gida bai samu shuka ba, ya kuma hana wurin irin baɗi.

Mai son shiga wannan harka a Suleja, ya sayi tanki da indararo a daminar bana ya cika. Ya kafa ɗakinsa da kaka, ya rataya ma'aunin zafi da na laima a ciki, ya bar shi babu ko tsiro ɗaya har ya ga abin da watan Maris zai rubuta. Idan ɗakin ya iya tsayawa ƙasa da digiri 35 da tsakar rana a wannan watan, to ya kawo Nepenthes mirabilis ɗaya da Drosera biyu a watan Yuni, lokacin da iska ta yi laushi. Idan bai iya ba, ya ɗaga rufi ya ƙara raga, ya jira wata shekarar.